Wanda Maciji Ya Sara

Ƴaƴana, samari da ƴanmatan Madawa da Buza da Kaita, bari in fara da abin da idona ya gani, don kada ku ce tsoho ya karanto takardar Nasara ya zo yana cika ku da surutu.

Wata rana ce bayan la'asar, lokacin kwasar albasa, ana ta loda buhuna cikin manyan motoci a bakin hanya. Ina zaune kan kujerata, kusa da ni akwai wata fada, samari bakwai ko takwas kan tabarma da benci, butar shayi na kan garwashi, ana buga karta. Wani ɗan kabu-kabu ya zo wucewa, salansar babur ɗinsa ta yi tau! kamar an harba bindiga. Kowa ya ɗan waiga, ya koma kan kartarsa. Ban da mutum ɗaya. Kafin in ƙifta ido ya yi ruf da ciki, ya cusa kansa ƙarƙashin benci, ya kifar da buta, garwashi ya zubo masa a bayan hannu bai ma ji ba. Fada ta kece da dariya. Wani ya ce, "Soja ya faɗa rami!" Yaron ya miƙe yana kakkaɓe riga, yana murmushin yaƙe, gumi na tsattsafo masa a goshi, yatsunsa na rawa. Ya ce bari ya zaga ya dawo. Bai dawo ba, kuma sai da ya yi wata guda bai sake taka fadar ba.

Na san yaron, ɗan aminina ne. Ya tafi biɗa Libiya kamar yadda rabin samarin Adar suke tafiya, aka kama shi a hanya aka kulle shi a wani gida, ana dukansa ana buga wa iyayensa waya su ji kukansa, har sai da aka sayar da sa da wani yanki na gona aka fanshe shi. Ya dawo da ƙafafunsa biyu da hannuwansa biyu, aka yi ta barka, aka ce ya dawo lafiya.

Hausawa sun daɗe da sanin wannan abu. Su ne suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sai dai mun riƙi maganar abin ban dariya, muna faɗarta muna nuna mai gudun da baki. Ni kuwa so nake ku tsaya ku dube ta da kyau. Mutumin nan ba makaho ba ne, ya san tsumma ya san maciji, in ka tambaye shi zai ce maka tsumma ne. Ƙafarsa ce ta riga hankalinsa yanke hukunci. To abin da ke sa ƙafa ta riga hankali shi ne ciwon da nake son mu yi magana a kansa, kuma yana da magani.

A cikin ƙwaƙwalwar kowane ɗan Adam akwai wani ɗan sashe da bai wuce girman ƙwayar gujiya ba, masana na kiransa amigdala. Aikinsa aikin karen gida ne. In ya ji motsin da bai yarda da shi ba, ba ya jiran mai gida ya farka ya yi shawara, haushi yake yi nan take: zuciya ta hau bugu, numfashi ya yi sama, jini ya gudu zuwa ƙafafu da damatsa, baki ya bushe, ciki ya murɗa. Rahama ce daga Allah, don da ita kake tsallake kunama kafin ka gane kunama ce. Ga mai lafiya, in haɗari ya wuce sai mai gida ya tsawata wa kare ya kwanta. Abin da ya faru ya koma labari, a ajiye shi cikin sauran labaru da ranarsa da shekararsa: bara waccan ne, a wuri kaza, kuma ya ƙare. Amma in firgitar ta yi yawa, mutum ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri, ko aka kashe wani a gabansa, ko aka keta masa mutunci ba ya da ikon ko ɗaga hannu, wani lokaci labarin ba ya samun ajiya. Yana nan warwatse, ƙara daban, wari daban, fuska daban, babu kwanan wata a jikinsa. Shi ya sa ɗan aminina, sa'ad da salansa ta yi ƙara, ba tuna Libiya ya yi ba. A wannan daƙiƙa yana cikin Libiya.

Lokotoro zai rubuta TSPT a takardarsa in da Faransanci ya yi karatu, in kuma a Sakkwato ne ya rubuta PTSD. Mu sai mu ce firgitar da ta ƙi wucewa. Masu ita sukan zo da abubuwan da kun sani sarai, sai dai ba ku taɓa haɗa su wuri ɗaya ba. Abin yana dawo musu ba su kira shi ba, da rana kamar majigi, da dare cikin mugun mafarki, su farka da ihu ko su ce dannau ya danne su. Suna gudun duk abin da zai tuna musu: wannan ba ya bin wata hanya, waccan ba ta shiga kasuwa, wani in aka fara hirar Agadas sai ya tashi. Kullum a ɗarare suke, su zauna bayansu na jingine da bango idonsu na kan ƙofa, abu kaɗan su zabura, abu kaɗan su hau faɗa, barci sai ɓarawo. Sannan akwai wanda ya fi ɓoyuwa, shi ne mutuwar zuciya. Mutum ya ɗauki ɗansa na cikinsa bai ji komai ba. Ya riƙa cewa laifina ne, da ban ce mu bi ta can ba da ƙanena na nan. Ya daina yarda da kowa. Matarsa ta ce, ba wannan na aura ba.

Kada ku ji haka ku fara liƙa wa kowa ciwo. Duk wanda ya tsallake rijiya da baya zai yi kwanaki yana zabura, yana mafarkai, abinci ba ya masa daɗi. Wannan ba cuta ba ce, jiki ne ke sauke kaya, kuma yawancin mutane cikin ƴan makonni suke komawa daidai in suna cikin danginsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 70 cikin 100 za su gamu da wani mummunan abu irin wannan a rayuwarsu, amma waɗanda abin ke zame wa ciwo ba su kai 6 cikin 100 ba. Ana fara zarginsa ne in an haura wata guda abin bai lafa ba, ya kuma hana mutum noma ko karatu ko zaman aure. Wani ma sai bayan watanni yake taso masa, ya yi bikin dawowa lafiya lau, damina ta wuce, sannan dare ya fara gagararsa. Inda ake yaƙi kuwa lissafin yakan hau. A 2019 hukumar ta fitar da bincike cewa wajen mutum ɗaya cikin biyar da ke zaune a yankunan rikici na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, daga baƙin ciki mai tsanani zuwa fargaba zuwa wannan firgita.

Mu kuwa ba sai an ba mu labarin rikici ba. A watan Nuwamba na 2021 kaɗai, hukumar kula da ƴan gudun hijira ta HCR ta ce mutum fiye da 11,500 suka tsallako daga jihar Sakkwato suna gudun ƴan bindiga, yawancinsu suka sauka a ƙauyuka 26 na ƙaramar hukumar Bangi, nan cikin gundumar Madawa, kuma mata da yara ne suka fi yawa. A ranar 21 ga Maris na wannan shekarar, can arewa a yankin Tiliya, an kashe mutum 137 a yini ɗaya. Ga waɗanda Aljeriya ke zubarwa a hamada su tako kilomita 15 a ƙasa zuwa Assamaka. Ga ƙannenku da suka shiga soja da jandarma. Ga haɗarin mota, ga ambaliyar 2024 da ta ci fiye da mutum 300 a ƙasar nan ta Nijar, ga yarinyar da ta kwana biyu tana naƙuda kan amalanke ta rasa ɗan. Duk waɗannan mutane suna cikinku, kuna sallah sahu ɗaya, kuna cin tuwo akushi ɗaya.

Wata ƴar uwata da ta sauki baƙi daga wajen Sabon Birni ta ba ni labarin wata yarinya ƴar shekara goma sha uku da ba ta yarda ta kwanta sai da takalmi a ƙafarta. An yi lallashi, an yi faɗa, an ɓoye takalmin, ta kwana a tsaye. Sai daga baya uwarta ta faɗi dalili: daren da aka shigo garinsu ba takalmi ta gudu, ta kwana tana taka ƙaya. Yarinyar ba ta taɓa ba da labarin da bakinta ba. Yara haka suke, ba su cika faɗa ba, sai dai su nuna. Wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi, wanda ya saba yawo ya maƙale wa zanen uwarsa, wasu su riƙa wasan ƴan bindiga da karan dawa, kullum wasa ɗaya, kullum a kashe mutum ɗaya. Wanda ya doki irin wannan yaro don ya jiƙa tabarma ya ƙara masa maciji na biyu. Na ce wa ƴar uwata ta bar mata takalminta.

Na san abin da wasunku ke cewa a zuci. Namiji ba ya raki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mai imani ba ya firgita, in ya yi tawakkali shi ke nan. Zan ɗauki ta ƙarshen da farko, don ita ta fi yi wa masu ciwon nan illa, tana ɗora musu zargin raunin imani bisa kayan da suke ɗauke da shi. Annabi Yaƙub, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma ba wanda ya isa ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Fiye da shekara dubu da suka wuce wani malamin Musulunci, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya ware babi kan tsoro da firgita, ya kuma ba da shawarar a riƙa saba wa mai tsoro da abin da yake tsoro sannu a hankali. Saboda haka ba Turawa suka ƙago zancen ba. Su ma sun daɗe cikin duhu. A yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, sojojin Ingila da yawa sun dawo daga fagen daga suna karkarwa, wasu sun kurmance ba rauni a jikinsu. Rundunarsu ta harbe mutum 306 bisa laifuka irin su gudu da ragwanta, sai a 2006 aka yi musu afuwa, bayan an yarda cewa da dama daga cikinsu marasa lafiya ne. Sunan da ake kiran ciwon da shi yau bai shiga littafin likitocin Amurka ba sai a 1980, bayan sojojinsu sun dawo daga Biyetnam sun kasa zaman gida.

Mu ma muna da namu. A ƙuruciyarmu akwai tsofaffin sojan Faransa da suka yi yaƙin Indocin da na Aljeriya. Akwai ɗaya a unguwarmu mai tashi tsakar dare yana ba da oda da Faransanci, mu yara muna binsa da rana muna yi masa fareti muna dariya. Ya rasu ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ya gani. Ina cikin masu faretin, kuma har yau in na tuna sai in ji kunya.

Batun ciki da tuwo kuwa, gaskiya ne ba kowace magana ake shanyawa a kasuwa ba. Amma ku lura da yadda gudun abin ke ciyar da shi. Mutum ya ga tsumma ya gudu, ya ji sanyi a ransa, sai karen nan na cikin kai ya ce, ka gani, da ba mu gudu ba da mun mutu. Gobe haushinsa ya ƙaru. Yau tsumma, gobe igiya, jibi duk abin da ke kwance a ƙasa, har duniyar mutum ta ƙuntata ta koma ɗaki ɗaya. Kare bai taɓa samun damar ganin cewa tsumma ba ya sara ba, don ba a taɓa tsayawa kusa da shi ba.

Maganin da ya fi inganci a kan nan aka gina shi, kuma magana ce, ba allura ba. Sai dai magana ce mai tsari, a hannun wanda aka horar. Yakan fara da koya wa mutum yadda ciwon yake, don jin cewa ba hauka ba ne kaɗai kan sauke rabin kaya. Ya koya masa yadda zai kwantar da numfashinsa. Sannan su shiga labarin tare, daki-daki, a wuri mai aminci, a maimaita shi har zafinsa ya ragu, a kuma binciki maganganun da mutum ke yanke wa kansa hukunci da su. Ka ce laifinka ne, to a daren nan me ka sani, me kake da ikon yi, kai da ke da sanda su da bindiga? Daga nan a koma wa wuraren da ake gudu, mataki-mataki, yau bakin kasuwa, wani mako cikinta. Yawanci zama 8 zuwa 12 ne. Akwai wata hanyar kuma da ake kira EMDR, wadda wata Ba'amurkiya, Francine Shapiro, ta faro a 1987, inda mutum ke tuna abin yana bin yatsan mai magani da ido dama da hagu. Duka biyun Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a ƙa'idojinta na 2013.

Wadda ta fi burge ni ita ce wadda wasu masana na jami'ar Konstanz ta Jamus suka tsara don ƴan gudun hijira, mutanen da ba masifa ɗaya suka gani ba, goma suka gani. Kayan aikinta igiya ce da duwatsu da furanni. A shimfiɗa igiya a ƙasa, bakinta na farko ranar haihuwarka, ɗaya bakin a bar shi a naɗe don kwanakin da ba su zo ba tukuna. Kai da hannunka za ka ɗora fure a inda ka ji daɗi, ranar da ka sauke Alƙur'ani, ranar da aka ɗaura maka aure, shekarar da gero ya yi kyau. Ka ɗora dutse a inda ka sha wuya. Sannan a bi igiyar daga farko, in an zo kan dutse a tsaya, ka faɗi abin da idonka ya gani, abin da kunnenka ya ji, abin da jikinka ya yi, mai sauraro yana rubutawa, ya karanta maka ka gyara. Da haka dutsen ke samun mazauninsa, da fure kafinsa da fure bayansa, ya zama abin da ya faru a shekara kaza. An gwada ta a sansanin Imvepi na Yuganda da ƴan gudun hijirar Sudan, zama huɗu kacal, aka buga sakamakon a 2004: bayan shekara guda, 29 cikin 100 ne kawai na waɗanda aka yi wa ita ke da ciwon, alhali cikin waɗanda aka yi wa nasiha ta yau da kullum wajen 80 cikin 100 suna nan da shi. Daga baya aka horar da ƴan gudun hijirar kansu, waɗanda ba likitoci ba, suka yi wa ƴan uwansu, ta kuma yi aiki. Igiya da dutse dai ba mu rasa su a Adar ba. Horon ne muke nema, kuma ku masu karatu ku ne za ku nemo shi.

Amma ina gargaɗinku, kada wani ya karanta wannan ya je ya tsare abokinsa a fada ya ce sai ya ba da labari. Tilasta wa mutum ya tono abin a gaban jama'a, ko a kwanakin farko yana cikin ruɗewa, ɓarna yake yi. Wanda ya buɗe miki ba ya da abin ɗaurewa, gara ya bar shi a rufe. Naku aikin daban ne, kuma ba ƙarami ba ne.

Ku daina dariyar, ku daina laƙabin. Ku daina tura hotunan gawarwaki a WhatsApp, ba ku san wayar wa za su faɗa ba. In abin ya taso wa mutum a gabanku kada ku rirriƙe shi ta baya, kada ku taru a kansa. Mutum ɗaya ya durƙusa inda zai gan shi, ya kira sunansa da murya ƙasa-ƙasa, ya ce masa, nan Buza ne, yau Talata, ni ne wane, babur ne ya wuce. A ba shi ruwa mai sanyi ya riƙe, a ce ya taka ƙasa da tafin ƙafarsa ya ji ta, ya faɗi abu biyar da yake gani. Ya ja numfashi ta hanci a hankali har cikinsa ya taso, ya sake shi a hankali fiye da yadda ya ja, ku yi tare da shi. In ya dawo hayyacinsa kada a yi ta tambaya, a ci gaba da hira. In wata rana shi da kansa ya fara ba ka labari, ka yi shiru ka saurara, kada ka katse shi da "ai ka gode wa Allah, wane ma ya mutu." Ya sani, shi ne ma abin da ke hana shi barci. Abin da ya faɗa maka kuma amana ce. Ku riƙa jansa gona da ƙwallo da masallaci, don zaman ɗaki abokin ciwon ne. Shayin dare mai ɗaci kuwa, a rage masa, mai neman barci ba ya buƙatarsa.

Matan Kaita da suka yi aikin farfaɗo da ƙasa tun daga 1984 sun san ba a shayar da fako da guga. Ko ka tuttula masa ruwa gangarewa zai yi. Sai an sassaƙa ƴan ramuka, an jera duwatsu, ruwa ya samu inda zai tsaya ya nutse kaɗan-kaɗan. Nasiha mai yawa a rana ɗaya haka take gangarewa a kan mai firgita. Zuwa kullum, ko ba a ce komai ba, ya fi.

Yanzu ga abin da ya fi tsorata ni, wato kantin tafi-da-gidanka da ke yawo a kan tire da bayan keke. Yaro ba ya barci, abokinsa ya miƙo masa diyazefam. Ba ya da ƙarfin fita aiki, a miƙo masa tramol. Daren farko zai yi barci, ya ce ya samu magani. Bayan wata biyu ƙwaya ɗaya ba ta isa, in bai sha ba firgitar ta ninka, ga kuma farfaɗiyar da tramol ke jawowa in ya yi yawa. Ciwo ɗaya ya zama biyu, na biyun ya fi wuyar fita. Ƙa'idojin 2013 da na ambata sun hana ba da irin su diyazefam ga wanda bai daɗe da shiga firgita ba, don ba sa warkarwa, suna ma iya jinkirta warkewa. Akwai magungunan asibiti da ke taimaka wa manya, irin su fluoxetine da sertraline, musamman in baƙin ciki mai tsanani ya haɗu da firgitar. Ba sa aiki a kwana ɗaya, sai an yi makonni, ba a kuma yanke su farat ɗaya. Lokotoro ne ke rubuta su, ba mai tire ba.

Ban hana kowa zuwa wurin malam ba, ni ma ina zuwa. Addu'a da zikiri da karatun Alƙur'ani suna kwantar da zuciya, kuma mutumin da ya ji jama'arsa na yi masa addu'a ya san ba a yar da shi ba. A haɗa da asibiti, ba su taɓa yin faɗa ba. Inda na ja layi shi ne bulala da mari da turara hayaƙi a ɗaki rufe da sunan fitar da iska. Ku tuna gidan da aka buɗe a Rigasa ta Kaduna a 2019, aka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Yaron da aka ɗaure a Libiya, ka sake ɗaure shi a gida, me kake tsammani?

Ku fara da likitar da ke kusa da ku, ku gaya wa majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, abin da ke faruwa ba tare da kwana-kwana ba. Yawancin masu ciwon nan da ciwon kai da faɗuwar gaba da ciwon ciki suke zuwa, a ba su maganin zazzaɓi su koma, don ba su faɗi abin da ya faru da su ba, ba a kuma tambaye su ba. Ku faɗa. In abin ya fi ƙarfinsa zai tura ku asibitin gunduma ko babban asibitin Tawa. Na san in aka ambaci Pavillon E na babban asibitin Yamai, ko asibitin Kware kusa da Sakkwato, gaban kowa faɗuwa yake, don an ɗauka wurin masu yawo tsirara ne. Mai firgita ba mahaukaci ba ne, ya san kansa, ya san mutane, ya san abin da ke damunsa, kuma ganin likitan ƙwaƙwalwa ba ya mai da mutum mahaukaci kamar yadda ganin ungozoma ba ya sa ciki. A wuraren da ƴan gudun hijira suke, ku tambayi ma'aikatan agaji ko akwai mai sauraron matsalolin zuciya cikinsu, sau da yawa akwai.

Abu biyu ba sa jiran gobe. In mutum ya fara cewa gara ya mutu, ko yana rabar da kayansa yana neman gafara ba dalili, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Ka kawar da maganin ƙwarin albasa da igiya da makami daga inda yake, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Na biyu, ƴaƴana mata, da ku nake. Fyaɗe na cikin abubuwan da suka fi haddasa ciwon nan, kuma shi aka fi binnewa. Wadda aka yi wa ta isa asibiti kafin awa 72, don akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ba ya aiki in an wuce haka. Laifin na wanda ya aikata ne. Ƙawar da ta raka ta, ta kuma kama bakinta, ta yi mata abin da dangi da yawa suka kasa.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai inda duk wannan ke da iyaka. Mutumin da ke kwana a ƙauyen bakin iyaka, yana jin babura da dare, ba tsumma yake gani ba, macijin na nan. Zaburarsa hankali ne. Wanda rumbunsa ya ƙone, gero yake buƙata kafin a yi zancen numfashi. Kwanciyar hankali da abinci da makarantar yara su ne rabin maganin, kuma wannan bashi ne a wuyan hukuma. Amma ko a cikin haka, mai samun barcin awa biyar ya fi mai samun biyu iya kare iyalinsa.

Ɗan aminina, mahaifinsa ne ya zo mini da maganar, ya ce, "Malam, yaron nan an yi rubutu an yi tofi, har yanzu ba ya barci." Na ce a ci gaba da rubutun, amma ya ba ni shi mu je Tawa. A mota bai ce mini uffan ba sai da muka wuce Kaita, sannan ya ce, "Baba, kana ganin na haukace ne?" Na ce masa a'a, na ba shi labarin karen gida. Ya yi shiru, can ya ce, "To nawa karen ba ya gajiya." Ya yi wata huɗu yana zuwa ganin mai magani, wani zuwan ya dawo idanu jajur ya ce ba zai koma ba, ya kuma koma. Tramol ɗin da ya fara sha ya fi ba mu wuya fiye da mafarkan.

Yanzu yana aikin albasa da ƙanensa, an sa ranar aurensa bayan girbi. Ya koma fada. Har yau wurin zamansa jikin bango ne, yana fuskantar hanya, ba wanda ke zama masa a wurin, ba kuma wanda ke ce masa soja. Rannan ina nan kan kujerata wata babbar mota ta fasa taya. Na ga kafaɗunsa sun ɗaga, ya runtse ido, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya. Na kusa da shi ya ce, "Taya ce, wane." Ya ce, "Na sani." Ya ja numfashi sau uku, ya ɗauki buta, ya ci gaba da zuba na biyu.